Yadda Mai Goro Ya Tafi Kiwo Bungudu

Samari kan zo wurina su ce sun ga tafkin kifin ado a waya, suna so in koya musu aikin a yini guda. A ganinsu rami ne da siminti da ruwa, sai a zuba kifi a koma gefe ana kallo. Nakan ba su wurin zama, in tambaye su abu ɗaya: kifin nan da ka riƙo a leda, wanda bai fi ɗan yatsanka ba, ka san iya girman da zai yi? Yawancinsu ba su sani ba. Mu ma ba mu sani ba lokacin da muka fara.

Na shiga aikin ne a ƙarshen shekarun casa'in, ba a daɗe da mayar da Gusau hedikwatar jiha ba. Ina ɗalibi a lokacin, ina karatun kimiyya a wata kwaleji, makaranta kuwa yau a buɗe gobe a rufe. Duk lokacin da aka rufe sai in bi ƙanin mahaifiyata, Kawu Iro, mutumin Bungudu, magini ne da ya ƙware wajen tankin ruwa. Tankin Kawu ba ya yoyo, shi ya sa masu sababbin gidaje ke nemansa. Ni ba mai yawan magana ba ne, shi kuma ba ya gajiya da ita, sai muka dace.

Tafkinmu na farko a Tudun Wada muka gina shi, a gidan Alhaji Mu'azu, wani ɗan kasuwar hatsi mutumin Tsafe. Abokin cinikinsa ne daga Ikko ya aiko masa da tsarabar wasu 'yan kifaye a leda, masu launin fari da ja da ruwan zinariya, ya ce sunansu koi. Muka tarar da su a baho a tsakar gida, mutanen gidan sun kewaye su.

Alhaji ya ce, "Iro, ka taɓa gina ma kifi ɗaki?"

Kawu ya leƙa bahon ya ce, "Alhaji, ɗakin kifin da ni sani tukunya ce."

"Wanga ba na ci ba ne, na kallo ne."

"To Allah shi ba mu lafiyar ido. Ga ɗan boko nan, shi zai karanto muna yadda ake yi."

Haka aikin bincike ya faɗo a kaina. Na samo wani tsohon littafi a laburaren makaranta, amma an rubuta shi ne don ƙasashen sanyi. Duk damuwar marubucin ita ce kada ruwa ya daskare ya zama ƙanƙara. Babu layi ɗaya a kan abin da za a yi idan rana ta dafa ruwa kamar shayi. Littafin ya ce a yi zurfi saboda sanyi. Kawu ya ce a nan ba mu da wannan matsala, iya gwiwa ya isa. Ni kuma abin ya tsaya mini a rai, sai na je wani tankin da muka gama ginawa da tsakar rana, na zura ƙafa. Saman ruwan da ɗumi sosai, ƙasan kuwa da sanyi har sai da na ji shi a ƙashi. Na kira Kawu shi ma ya zura tasa. Ya zare ƙafar, ya ce a ƙaro diga. Muka haƙa har iya ƙugu. Da yau ne, har iya ƙirji zan kai shi, don zurfi ne mafakar kifi daga rana, da kyanwa, da zalɓe.

Kayan aikinmu ba su da yawa: diga, cebur, cokalin gini, igiya, da dogon tiyo siriri mai ruwa a ciki wanda muke daidaita bakin tafki da shi. Idan baki ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ruwa zai tona asirin magini ranar da aka cika. Ba a barin kusurwa mai kaifi, ana lanƙwasa ta da siminti, don datti a kusurwa yake taruwa. Ƙasan kuma a ɗan karkata shi zuwa wurin da ruwa zai fita. Sabon siminti yana da dafi ga kifi. Mukan cika tafkin, mu bar shi ya jiƙa, mu zubar, mu sake, har ruwan ya daina santsi a hannu. Daga nan Kawu ya sayo 'yan karfasa masu rai daga wurin masunta ya zuba. Idan sun kwana biyu suna wasa, to baƙi na iya shiga. Matatar ruwa kuwa da duro muka haɗa ta: tsakuwa a ƙasa, gawayi a tsakiya, soso a sama, ƙaramin inji mai aiki da wutar lantarki yana ɗaga ruwan ya bi ta ciki ya zubo daga sama.

Tafkin ya kai girman ƙaramin ɗaki. Da muka saki kifayen sai suka ɓace a ciki. Alhaji ya ce mun yi masa ɓarnar fili.

Abin da ke ruɗin mutanenmu shi ne tarwaɗa. Ita muka sani. Tarwaɗa takan rayu a laka, a cunkushe a baho, don tana iya ɗago kai ta haɗiyi iska. Koi ba haka yake ba. Iskar da ta narke a cikin ruwa kaɗai yake shaƙa, ruwa mai zafi kuwa ba ya riƙe iska da yawa. Kuma ta fuskar ruwan iska ke shiga, saboda haka faɗi yana da aikinsa, zurfi yana da nasa, ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Ga shi kifi ne mai ci, mai kashi. Littafin ya faɗi ruwan da babban kifi guda yake bukata da ma'aunin galan. Na juya shi zuwa abin da mai gida zai gane, ya kama kusan duro biyar. Da na gaya wa Kawu sai ya ce, "Kifi ɗaya? Ni da iyalina ba mu shan hakan ga a mako." Na ce shi ba sha kawai yake yi ba, a ciki yake kwana, a ciki yake ci, a ciki yake ba-haya.

Ni ne mai kula da tafkin. Nakan je in wanke soso, in rage ruwa in ƙara sabo, in tsame ganye. Alhaji ya laƙaba mini Sarkin Ruwa. A idona kifayen suka tashi daga yatsa zuwa tafin hannu, daga nan zuwa kamu. Ɗaya ya fi sauran girma nesa ba kusa ba, fari ne tas, sai ja a kewayen baki. Mutanen gidan suka sa masa Mai Goro. Yakan karɓi abinci daga hannun Alhaji. Da la'asar Alhaji kan shimfiɗa darduma a bakin tafkin, ya tsoma yatsu, Mai Goro ya zo ya tsotsa. Ba a yi masa maganar kasuwa a wannan lokaci.

Abin ya zama yayi. Duk wanda ya zo gidan ya gani sai ya nemi nasa, muka gina wa mutane da dama. Akwai wanda ya ce a yi masa mai siffar taswirar jiha. Akwai wanda ya sa aka dasa darbejiya a baki, ganyenta ya yi ta zuba yana ɓata ruwa. Akwai wanda iyalinsa ke juye ragowar tuwo a ciki da niyyar alheri. Da yawansu ba su daɗe ba suka gaji, ko aka canza musu wurin aiki. To ina za a kai kifin? Gidan Alhaji Mu'azu.

Sai kun san gidan za ku gane. Duk mutumin Tsafe da ya shigo Gusau neman aiki, ko jinya, ko shari'a, can yake sauka. Zaure ya cika, a shimfiɗa tabarma a waje. Idan aka ce masa babu wuri, amsarsa ɗaya ce: "A matsa." A tabarma a matsa, a mota a matsa, a kwanon abinci a matsa, kuma kullum wuri yana samuwa. Saboda haka da aka fara kawo masa kifi a bokiti, bai ga bambanci ba.

Na ce, "Alhaji, tafkin ya ɗauki iya nasa."

Ya ce, "Sarkin Ruwa, dubi fili nan tsakaninsu. A zuba, su matsa."

Na yi bayanin duro biyar. Ya saurara da kyau, ya yaba da karatuna, ya ce a zuba. Bayan haka kifayen suka hayayyafa, ƙanana suka cika gefe-gefe. Muddin inji na aiki ana kuma samun ruwan canji, abin yana tafiya. Har na fara tunanin ko littafin ne ya cika tsoro.

Sai muguwar shekara ta zo. Bazara ta yi tsanani, ruwan sama ya yi jinkiri. Wuta ta koma sai a yi kwanaki ba a gan ta ba. Man fetur ya yi wuya, layi ya miƙe a gidajen mai, janareto ya zama kayan ado. Famfo ya ƙafe, 'yan garuwa kuma mutane suke fara kai wa kafin kifi. Inji ya tsaya, ruwan ya koma kore, ya fara wari.

Da sassafe ake gane tafkin da ya cika, don a lokacin ne iskar cikin ruwa ta fi ƙaranci. Na shigo bayan sallar asuba na tarar da fuskar ruwan duk bakuna, suna buɗewa suna rufewa. Wasu sun juya ciki sama. Abin mamaki, manyan ne ke fara mutuwa, ƙananan na yawonsu. Babban jiki ya fi bukatar iska. Mai Goro yana can gefe, ya ɗan karkata, bakin nan ja a saman ruwa.

Muka yi abin da za mu iya. Muka kafa rumfar zana a kan tafkin. Na hana a ba su abinci. Ni da Kawu muka riƙa ɗibar ruwan da ƙwarya muna zubo shi daga sama don ya haɗiyi iska, har kafaɗa ta gaji. Hakan yakan taimaka na ɗan lokaci, washegari a sake tsame gawa. Kawu ya auna filin ko za a faɗaɗa tafkin, amma katanga ce a gefe ɗaya, sito a ɗaya gefen.

Kawu ya ce, "Alhaji, sai an rage su. In ba haka ba Mai Goro ba shi kai damina."

"A rage su a kai ina?"

"A sai da."

"Kyauta aka ba ni. Ni in kai kyauta kasuwa?"

"To a raba ma mutane."

"Iro, kai ma ka san kafin azahar sun shiga mai." Ya gyara zama. "Ban taɓa korar kowa daga gidan ga ba. Wanda ya shigo ya shigo. Ba ni farawa da abin da ba shi da bakin da zai roƙe ni."

A nan maganar ta tsaya. Ba taurin kai ba ne irin na mai kuɗi. Duk hanyar da muka kawo, shi kora yake ji a ciki.

Ana cikin haka Buba ya zo. Bafulatani ne da ke riƙe da shanun Alhaji a dajin 'Yankuzo, ya shigo gari karɓar dusa da kanwa. Ya tarar da mu muna zubo ruwa da ƙwarya, Alhaji na zaune ya yi tagumi. Bayan gaisuwa ya jingina da sandarsa ya daɗe yana kallo.

"Alhaji, ana tatsarsu?"

"A'a."

"Ana yankawa?"

"A'a, Buba. Kallo ake."

"Kallo." Ya jinjina kai. "Kana da shanu a daji, shekara biyu ba ka zo ka kalle su ba, kuma su ko wuta ba su nema."

Kawu ya fashe da dariya. Alhaji ya ce, "Kai dai kawo labarin shanu."

"Lafiya lau suke. Waɗanda ke wurina ke nan. Sauran suna kudu da ƙanina."

"Wa ya ce a kai su kudu?"

"Ciyawa ta ce. Rijiya ta ce. In na tara su wuri guda a wannan rani, fata zan kawo maka."

Alhaji ya ce to madalla, Allah ya dawo da su lafiya, ya ci gaba da kallon ruwa. Ni kuwa na tsaya da ƙwarya a hannu. An raba masa garke gida biyu ba da saninsa ba, bai kira shi kora ba. Na daɗe ina juya maganar kafin in iya fitar da ita.

Na ce, "Alhaji, in ba a sayar ba, ba a kuma bayar ba, ana iya ba da su kiwo?"

"Kiwo?"

"Yadda ake ba da akuya a ƙauye. Tana nan taka, wani ne ke riƙo."

Ya dubi Buba. "Ana ba da kiwon kifi?"

Buba ya ce, "Ni yau na fara ganin kifin da ake yi wa fifita. Amma duk abin da ke ci yana haihuwa, ana ba da kiwonsa."

Wurin da za a kai su bai yi wuyar samu ba. Kawu yana da lambu a Bungudu kusa da gulbi, ya gina wa kansa dogon tanki a ƙarƙashin itatuwan mangwaro, ya ninka tafkin Alhaji sau da yawa. Da jigo ake cika shi, wato doguwar sanda mai guga a kai da nauyi a gindi, ba ruwansa da fetur. Kullum ana sakin ruwa zuwa fangali, ana zuba sabo. Nan take aka ƙulla magana yadda ake ƙulla ta akuya: kifi na Alhaji ne, riƙo na Kawu, abin da aka haifa a raba. Buba ne shaida.

Na ɗauka ƙananan za a kwashe. Da na zauna na yi tunani sai na ga ba zai wadatar ba. Ko an kwashe su duka, manyan da suka rage sun fi ƙarfin ruwan, kuma wanda ya fi kowa bukatar fili shi ne wanda Alhaji ya fi so. Na faɗa masa haka, ina kallon ƙasa.

Alhaji ya dubi inda Mai Goro yake. Sannan ya ce, "Dama ba a ba mutum kiwon gurguwar akuya. Ku ɗauke shi."

Buba ya ce, "Mace ce ko namiji? Ba a ba da namiji shi kaɗai, mai riƙo zai yi aikin banza."

Duk suka juyo gare ni. Na ce gaskiya ban sani ba.

Alhaji ya ce, "Duk karatun ga? To ku haɗa shi da manya 'yan uwanai, su sasanta can."

Ɗaukar babban kifi aiki ne da kansa. Ba a ɗaga shi a raga, nauyinsa zai iya ji masa ciwo. Da raga ake kora shi a hankali ya shiga baho a cikin ruwa, sannan mutum biyu su ɗaga bahon. Hannu ya zama jiƙaƙƙe, don busasshen hannu yana goge santsin da ke kare jikinsa. Muka yanka duro gida biyu, muka zuba ruwan tafkin da suka saba da shi, muka rufe da jiƙaƙƙen buhu don duhu yana kwantar musu da hankali. Alhaji ya sa aka nemo mai a wurin 'yan bumburutu, aka zuba wa a-kori-kurar da ke ɗaukar masa hatsi. Da gari ya waye muka kama hanyar Bungudu kafin rana ta yi ƙarfi. Ni ina baya tsakanin durorin, ina ɗiba ina zubowa. Alhaji ya ce shi ma zai je. Ya zauna a gaba, duk ramin da muka tunkara sai in ji muryarsa: "Sannu, direba! Ba masara ka ɗauko ba."

A lambun ma ba a juye kifi kai tsaye. Ruwan tankin ya fi na duro sanyi, canji na farat ɗaya yana kashewa. Na riƙa ƙara ruwan tankin a duro kaɗan-kaɗan har hannuna ya daina jin bambanci. Muka saki sauran, suka watse. Mai Goro muka bari ƙarshe. Da muka karkata bahon sai ya zame, ya nutse har ƙasa, ya kwanta a gefe guda bai motsa ba.

Wani ma'aikacin lambun ya ci gaba da jan jigo, guga na juye ruwa a cikin tankin. Alhaji ya tsuguna a bakin siminti, babbar rigarsa na jan laka. Ta cikin ruwan ina hango gefen kan kifin yana buɗewa yana rufewa da sauri, daga baya ya fara lafawa. Can sai ya miƙe daidai. Ya kaɗa wutsiya sau ɗaya, ya taso tsakiyar ruwa, ya kama tafiya. Ya bi tsawon tankin nan tun daga wannan kai har wancan, a miƙe, bai karkata ba, inuwar ganyen mangwaro na wucewa a bayansa. Da ya kai ƙarshe ya juyo, ya sake kamo hanya.

Kawu ya sauke numfashi ya ce, "Alhamdu lillahi. Alhaji, da damina ta zauna, wuta ta dawo, sai mu maido maka abinka."

Alhaji bai ɗago ba. Ya ce, "Iro, shekara da shekaru ina zama gaban kifin ga. Ban taɓa ganin tafiyatai ba. Juyi kawai nika gani, na ɗauka hakan ga Allah ya yi shi."

Direba ya leƙo ta shinge ya ce rana na yi, ga masu kaya na jira a Gusau.

Alhaji ya ce masa ya tafi, ya dawo da la'asar. Sannan ya ce da Kawu, "Bar Mai Goro nan. Ni ke da mota, ni ya kamata in zo. A samo min tabarma."